Ashirin da Huɗu, Lambar da Masu Rabon Gado Suka Fi Jin Jiki da Ita

Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ake karanta babin gado a Sakkwato, ko a Gidadawa ne ko a wajen Ƙofar Atiku, ya san inda karatu ke juyewa ya koma hisabi zalla. Malam zai rufe littafi, ya jawo takarda, ko ya share ƙasa da tafin hannu ya ja layi, ya ce: mamaci ya bar mata, ya bar uwa, ya bar ɗa, daga nawa za a fitar da mas'ala? Ɗalibin da ya yi hadda zai ce, "Allah ya gafarta Malam, daga ashirin da huɗu." Ya faɗi daidai. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne dalilin da ya sa 24 ce, ba 20 ba, ba 48 ba, da dalilin da ya sa mas'alar da ta fito daga 24 kusan kullum sai ta ba da wahala kafin ta rabu. Hukuncin rabon na fiƙihu ne, amma wahalar daga ƙirar lambar take.

A fara da fasa ta. 24 cika ce, ba mara ba. A raba ta biyu, a samu 12. A sake, 6. A sake, 3. Nan rabawa ta tsaya, domin 3 mara ce. Ƙirarta ke nan gaba ɗaya: 2 × 2 × 2 × 3. Biyu da uku suna cikin lambobin da babu abin da ke shiga cikinsu ba saura sai ɗaya da su kansu, irin su 5, 7, 11 da 13. Larabawa suna ce wa irin wannan lamba awwali, mu kuma mu kira ta gagara-rabo. Kowace lamba da ta haura ɗaya, ko dai ita kanta gagara-rabo ce, ko kuwa da su aka gina ta, kuma ginin hanya guda ce tak. Tubalan 24 huɗu ne, biyu-biyu guda uku da uku guda ɗaya, kuma duk siffar da za a ambata nan gaba daga su ta fito.

Magabata ba su tsaya a cika da mara kawai ba. Nikomakus, mutumin Jarash da ke ƙasar Jodan a yau, wanda ya rayu wajen shekara ta 100 miladiyya, ya kasa lambobin cika gida uku, kuma rabon nasa ya shigo Larabci ta hannun Sabit bin Ƙurra na Bagadaza, wanda ya rasu a 901. Akwai wadda za a yi ta raba ta biyu har a kai ɗaya, kamar 8, 16 da 32. Akwai wadda sau ɗaya take rabuwa ta faɗa mara, kamar 6, 10 da 18. Sai ta ukun, mai rabuwa fiye da sau ɗaya amma ba ta kaiwa ɗaya, kuma nan 24 take. Wannan ba ado ba ne. Rabuwar nan sau uku ita ta ba ta rabi da rubu'i da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, ukun da ta tsaya a kai kuma shi ya ba ta sulusi da sudusi, wato ɗaya cikin uku da ɗaya cikin shida. Lambar gida na farko ba ta da sulusi ko kaɗan, ta gida na biyu kuwa ko rubu'i ba ta da shi.

Lambobin da ke shiga cikin 24 ba saura, wato sassanta, takwas ne: 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba kafin a san yawansu. Daga biyu-biyun nan uku, mutum na iya ƙin ɗaukar ko ɗaya, ko ya ɗauki ɗaya, ko biyu, ko duka ukun, zaɓi huɗu ke nan. Ukun kuma ko a ɗauka ko a bari, zaɓi biyu. Huɗu sau biyu takwas. Maƙwabtanta ba su kama ƙafarta ba: 23 sassa biyu gare ta, 25 uku. A duk lambobin da ke ƙasa da 24 babu mai sassa takwas, mafi yawa shida ne, kamar na 12 da 18 da 20, kuma ba a wuce ta sai an kai 36 mai tara.

Idan aka cire ita kanta aka tara sauran sassan bakwai, 36 ake samu, wanda ya fi 24. Lamba irin wannan ita ake kira za'ida, mai rara, kuma 24 ce ta huɗu a jerinsu bayan 12, 18 da 20. Wadda sassanta suka gaza ta, kamar 10 da sassanta suka tsaya a 8, naƙisa ce. Wadda suka yi daidai da ita, kamar 6 da 28 da 496, tamma ce, kuma irinsu ba su da yawa. Mutane sun fi sha'awar tamma saboda kyawun sunan, amma a wajen aiki za'ida ce mai amfani, don ita ce mai yawan hanyoyin rabuwa.

Yanzu a koma zaure. Rabon da Alƙur'ani ya ƙayyade a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Lambobin da ke ƙarƙashinsu su ne 2, 4, 8, 3 da 6. Ana neman lamba mafi ƙanƙanta da dukansu za su shiga cikinta. Takwas na buƙatar biyu-biyu uku, uku na buƙatar kanta, sauran kuma duk sun samu abin da suke nema a cikin waɗannan. Ka ga 24. 12 ta gaza saboda ba ta da tumuni. 60, duk da sunan da ta yi wajen yawan rabuwa, tumuninta bakwai da rabi ne. 48 za ta yi, amma ɗaukar kaya ne ba dalili. Kuma asalan mas'ala, wato lambobin da ake fitar da rabon gado daga cikinsu, guda bakwai da ɗalibai ke haddacewa, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, ba komai ba ne illa sassan 24 idan an cire ɗaya. Wanda ya gane haka ya huta da hadda.

Ba kowane haɗi ne ke kai mas'ala ga 24 ba. Tumuni na matar mamaci ne idan ya bar ɗa ko 'ya, ko jika ta wajen ɗa namiji. Sulusi kuwa, na uwa ne ko na 'yan'uwa ta wajen uwa, kuma ba ya tabbata sai babu zuriya. Saboda haka tumuni da sulusi ba sa haɗuwa a mas'ala ɗaya. Hanya biyu ce kawai ta rage: tumuni ya haɗu da sudusi, ko ya haɗu da sulusi biyu.

A nan ne abin sha'awar yake. A cikin 24, tumuni 3 ne. Sudusi 4 ne, rabi 12, sulusi biyu 16, dukansu ninkin huɗu. Ke nan jimillar masu ƙayyadadden rabo kullum uku ce da wasu huɗu-huɗu a kanta: 7, 11, 19, 23, 27. Duk mara ne, kuma mara ba za ta taɓa zama 24 ba. Shi ya sa mas'alar 24 ba ta taɓa cika cif da masu ƙayyadadden rabo su kaɗai. Ko dai a samu saura, ko rabon ya fi dukiyar. Idan ya fi, a 27 yake tsayawa, domin iyakar abin da zai hau kan tumuni shi ne sulusi biyu na 'ya'ya mata da sudusin uwa da sudusin uba, 16 da 4 da 4. Wannan ƙarin shi ake kira auli. Asalin 6 yana yin auli zuwa 7, 8, 9 da 10, na 12 zuwa 13, 15 da 17, amma 24 sau ɗaya take yi a mazhabarmu ta Malikiyya da wajen jumhur, wato mafi yawan malamai, har malamai suka yi mata laƙabi da marowaciya. Ita ce mas'alar da ake kira Mimbariyya, saboda ruwayar da ke cewa an tambayi Sayyidina Aliyu ita yana kan mumbari, ya amsa cewa tumunin matar ya koma tusu'i. Lissafin ya gaskata: 3 cikin 27 ɗaya ne cikin tara.

Kuskuren da ake yi a auli shi ne a manta a canja abin da ake rabawa da shi. A ce dukiyar da ta rage bayan jana'iza da bashi da wasiyya naira 2,700,000 ce. A raba 27, kowane kaso 100,000: mata 300,000, 'ya'ya mata biyu 800,000 kowace, uwa 400,000, uba 400,000. Wanda ya raba da 24 zai samu kaso 112,500, ya yi ta miƙawa, sai ya zo kan na ƙarshe ya tarar akwai giɓin 337,500. Daga nan ne rigima ke tashi, don na ƙarshen shi kaɗai zai ɗauki asarar da ya kamata kowa ya taɓa gwargwadon rabonsa.

Idan kuwa saura aka samu, to sauran ma ba kowace lamba ba ce. Mata da uwa da 'ya'ya maza, saura 17. A ƙara uba, saura 13. Mata da 'ya'ya mata biyu, saura 5. A ƙara uwa, saura 1. Iyakarsu ke nan: 17, 13, 5, 1, wato gagara-rabo uku da ɗaya. Asaba, masu cin saura, su ne ke karɓar wannan, kuma da wuya yawan kawunansu ya zo daidai da shi. Sai dai a dace, kamar maza biyar da mata uku, waɗanda kawunansu 13 ne tunda namiji kai biyu ake lissafa shi. Wannan ne ya sa mas'alar 24 ba ta cika tsayawa a 24 ba, sai an yi mata gyaran da ake kira tas'hihi.

Gyaran ya dogara ne kan yadda lambobi biyu ke kallon juna, kuma malaman gado sun kasa wannan gida huɗu. Tamasuli, idan iri ɗaya ne, kamar 4 da 4. Tadahuli, idan ƙaramar na shiga cikin babbar, kamar 4 da 8. Tawafuƙi, idan ba ta shiga amma akwai wata lamba da ke shiga cikinsu duka, kamar 6 da 8 da suka haɗu a kan biyu. Tabayuni, idan ba abin da ya haɗa su sai ɗaya, kamar 3 da 8. Abin da ɗaliban sakandare ke koya da sunan neman babbar lamba mai raba biyu da ƙaramar lamba da biyu ke shiga, shi ne wannan, harshe ne ya bambanta. Ba mamaki, don Alkawarizmi ma, da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban ɓangarensa a kan lissafin wasiyya da gado ya yi shi.

Ga yadda ake yi. Mamaci ya bar mata biyu, uwa, uba, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mata 3, uwa 4, uba 4, saura 13. Uku ba ta rabuwa ga mata biyu, kuma tabayuni ne, sai a riƙe 2. Sha uku ba ta rabuwa ga kawuna biyar, nan ma tabayuni, a riƙe 5. Biyu da biyar su ma tabayuni ne, sai a buga su, 10. A buga 10 cikin 24. Malam ya ɗago kai ya ce, "Nawa munka samu?" 240. Kowane rabo sai a ninka shi goma: mata 30, kowace 15, uwa 40, uba 40, 'ya'ya 130, kowane kai 26, namiji 52, mace 26. Idan gona ce a fadamar Rima da gida da shanu aka yi wa ƙima suka kama naira 4,800,000, kaso ɗaya 20,000 ne. Kowace mata 300,000, uwa 800,000, uba 800,000, kowane ɗa 1,040,000, 'ya 520,000. A tara a gani, ko kwabo ba ya ɓata.

Da mata uku ne, da ba sai an riƙe komai a ɓangarensu ba, kowace ta ɗauki kaso ɗaya. Inda tawafuƙi ke fitowa sosai shi ne 16 na 'ya'ya mata. Mata ɗaya, 'ya'ya mata shida da ɗan'uwa shaƙiƙi: 3, 16, 5. Sha shida da shida sun haɗu a kan biyu, don haka rabin kawunan ake ɗauka, 3, a buga cikin 24 a samu 72: mata 9, 'ya'ya 48, kowace 8, ɗan'uwa 15. Wanda ya buga da shida zai samu 144. Bai zalunci kowa ba, amma ya nuna bai duba ba.

Ɓarnar da ta fi yawa a yanzu daga kalkuleta take, ko dai daga yadda ake amfani da ita. Tumuni 0.125 ne, ya tsaya. Sudusi kuwa 0.1666 ne, shidan ba ta ƙarewa. Dalili shi ne lissafinmu na goma-goma ne, kuma 10 biyu sau biyar ce. Duk kason da ke da uku a ƙarƙashinsa ba zai taɓa tsayawa ba. Sai mai gaggawa ya gutsure ya rubuta 0.17. A dukiyar da ta gabata uwa za ta samu 816,000, uba ma haka, an ɗebe 32,000 daga haƙƙin 'ya'ya, wataƙila marayu. In ya rubuta 0.16, iyayen ne kowane zai rasa 32,000. Maganin abu ne mai sauƙi: a raba dukiya da asalin da aka gyara tukuna, sannan a ninka da kason kowa. Wani kuskuren kuma shi ne cirewa bi da bi, a fitar da tumuni, sannan a ɗauki sudusin abin da ya rage. Sudusin 4,200,000 700,000 ne, an tauye uwa 100,000. Kowane ƙayyadadden rabo a nan daga dukan dukiya ake fitar da shi, kuma amfanin asalin mas'ala ke nan tun farko.

Dattawan da suka yi ciniki kafin a shigo da naira ranar 1 ga Janairu 1973 sun yi zamani da kuɗin da ya fi na yanzu dacewa da wannan aiki. Kwabo 12 sule ne, sule biyu kwabo 24, fam ɗaya kwabo 240. Mas'alar mata biyu da ke sama, da fam guda mamacin ya bari, da ta rabu kwabo-kwabo ba ragi. 240 na da sassa 20, 100 kuwa tara kacal, kuma babu uku a cikinsu. Masu sayar da gwal su har yanzu suna kan tsohon ma'auni: tsantsa shi ne karat 24, mai 18 rubu'i uku ne shi ya sa ake buga masa 750, mai 21 bakwai cikin takwas ne, 875, mai 22 kuma 916, inda matsalar ukun nan ta sake bayyana, don ainihinsa 916.66 ne ba iyaka. Idan akwai sarƙa ko awarwaro cikin kayan gado, wannan lambar ake dubawa kafin a yi ƙima.

Yadda ake gane ko 24 na shiga cikin babbar lamba, gwaji biyu ne. A tara alƙaluman, in uku na shiga jimillar, an wuce na farko. A dubi alƙaluma uku na ƙarshe, in takwas na shiga cikinsu, an wuce na biyu. Wasu kan ce tunda 4 × 6 ma 24 ne, bari a gwada da huɗu da shida. Ba ya yi. 1,236 huɗu na shiga cikinta, shida ma haka, amma in an raba da 24, 51 da rabi ake samu. Huɗu da shida tawafuƙi ne, biyu ɗaya suke kirgawa sau biyu. Uku da takwas ne tabayuni, su ne gwajinsu ke tsayawa.

Sauran nan da asaba ke karɓa, 1, 5, 13 da 17, suna cikin wata ƙungiya. Lambobin da ke ƙasa da 24 waɗanda suke tabayuni da ita takwas ne: 1, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23. A bar ɗaya, a buga sauran kowace cikin kanta: 25, 49, 121, 169, 289, 361, 529. A cire ɗaya daga kowace: 24, 48, 120, 168, 288, 360, 528. Duk ninkin 24 ne. Ba dace ba ne. Ɗauki lambar da biyu da uku ba sa shiga cikinta, a ce 17. Ninkinta cikin kanta ban da ɗaya daidai yake da ta gabanta sau ta bayanta, 16 × 18. Su biyun cika ne masu bin juna, dole huɗu ta shiga ɗayansu biyu ta shiga ɗayar, takwas ta samu. Sannan a cikin kowace lamba uku a jere akwai wadda uku ke shiga, tunda ba ta tsakiya ba ce, to ɗaya daga na gefe ce. Takwas da uku, 24. Ke nan duk gagara-rabo da ta wuce 3 tana da wannan siffa. Amma kada a juya maganar, don nan ɗalibai ke zamewa: 25 × 25 ban da ɗaya 624 ne, 24 sau 26, alhali 25 biyar sau biyar ce. Gwajin na iya kore lamba daga zama gagara-rabo, ba ya iya tabbatar da ita. Kuma babu wata lamba da ta fi 24 girma wadda duk masu tabayuni da ita ke yin wannan hali. Sassanta ne kaɗai ke tarayya da ita a ciki.

24 kuma ita ce 1 × 2 × 3 × 4, wato yawan hanyoyin jera abu huɗu mabambanta. Na farko zaɓi huɗu, na biyu uku, na uku biyu, na ƙarshe abin da ya rage. Gidan da ke da mata huɗu, jerin girki iri 24 za a iya rubutawa, amma tunda girki zagayawa yake, kowane zagaye an kirga shi sau huɗu gwargwadon wadda aka fara da ita, ainihin tsarin shida ne. Daga nan ne kuma ya zama duk lamba huɗu a jere in an buga su, 24 na shiga: 5 × 6 × 7 × 8 ya ba da 1,680, wato 24 sau 70.

Akwai siffa guda da 24 ta keɓanta da ita wadda tabbatar da ita ya ɗauki shekaru. Mai lemo a kasuwa ya tara shi dala: ɗaya a sama, huɗu a ƙarƙashinsa, sannan tara, sha shida, haka har ƙasa. Tambaya ita ce, hawa nawa dalar za ta yi ta yadda in an rushe ta za a iya shimfiɗa lemon a ƙasa, layi da layi, tsawo daidai da faɗi, ba saura? Hawa 24: 1 da 4 da 9 har zuwa 576 sun tashi 4,900, wato 70 sau 70. Bafaranshen nan Eduwar Luka ya faɗa a 1875 cewa in ban da lemo guda ɗaya, babu wata amsa sai wannan, amma cikakkiyar hujja ba ta samu ba sai 1918, a hannun G. N. Watson na Ingila.